Sujadar Malam

Wata Asabar ce da la'asar. Ruwa ya hana mijina fita masallaci, sai ya shimfiɗa darduma a falo, ni kuma ina bakin ƙofa ina tsintar shinkafa. Da ya ɗago daga sujada sai na ga ya miƙa hannun dama yana laluben iska, kamar mai neman bango a ɗakin da aka ɗauke wuta. Taga a buɗe take, haske ko'ina. Ya ɗan jima a haka, sannan ya mayar da hannun kan gwiwa. Da ya sallame na tambaye shi, ya ce jiri ne, bai ci abincin kirki da rana ba. Na tashi na ɗora tukunya.

Aurenmu bai yi nisa ba a lokacin. Muna haya a Unguwar Kanawa, ciki da falo. Shi yana buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati, kullum ya hau Vesparsa ya tafi. Ni tun da na gama sakandare saƙar kayan jarirai nake yi a gida. Malam nake ce masa.

Ciwon kai ya daɗe yana yi, amma wa ba ya ciwon kai? Nasa da safe ya fi tsanani. Yakan farka ya riƙe ƙeya da hannu biyu, wani lokaci ya yi amai, ya sha ƙwaya daga kemis ɗin bakin titi, ya fita. Sai kuma ya fara tambayata ko maƙwabta sun kunna injin markaɗe. Babu wani inji. A cikin kunnensa ƙarar take, tana tafiya daidai da bugun zuciyarsa.

Daga baya ya gaya mini abin da yake ɓoyewa. Duk sanda ya kai goshinsa ƙasa, kan yakan yi kamar zai tsage, in ya ɗago kuma duniya ta yi baƙi na ɗan lokaci. Saboda tsoron ɗagowar sai ya riƙa daɗewa a sujada in yana nafila. A masallacin layinmu har wani dattijo ya nuna shi ga samari ya ce su yi koyi da shi. Yana ba ni labarin yana dariya. Ni ban yi ba.

Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Kawo da wanzami, aka yi masa ƙaho a ƙeya, aka ce mataccen jini ne. Yaya, wansa da ke sayar da yadi a Babbar Kasuwa, ya kawo rubutu a galan. Duk ya sha, ni nake zuba masa. Ban hana komai ba, don ban san abin da zan ce a yi a madadinsa ba.

Abin da ya kai mu asibiti ɗan ƙarami ne. A wani shataletale ya kusa bugun mai amalanke da ya fito ta hagunsa, ya rantse bai gan shi ba sai da mutumin ya yi ihu. Muka yanke shawarar tabarau yake bukata. Likitar ido, wata mata mai furfura, ta haska masa 'yar fitila a ido, ta daɗe tana leƙawa, sannan ta kira wani likita shi ma ya leƙa. Babu wanda ya ƙara maganar tabarau.

Bayan an ɗauki hoton kansa aka zaunar da mu. Likitar ta ce ba ƙari ba ne a ƙwaƙwalwa, mu gode wa Allah. Akwai ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwar kowa, jiki yana yin sa yana kuma janye shi. Nasa ya taru ya rasa hanya, yana danne jijiyar ido. Daga gefe ganin yake fara tafiya. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Za a rage ruwan da allura ta baya, a ba shi ƙwayoyi, kuma ya daina sunkuyar da kai, har a salla. Na riƙe jakata a cinya ina kallon bakinta, ina jin kowace kalma, amma kamar labarin mijin wata take ba ni.

A gida aka yi zama. Yaya ya ce shi bai yarda a taɓa ruwan bayan ƙaninsa ba. Ya san wani a kasuwa da aka yi wa haka, bai sake miƙewa daidai ba, kuma namijin da aka zuƙe wa ruwan baya ya gama haihuwa. Inna kuwa ni ta kalla. Ba mu samu ɗa ba tukuna.

Malam ya juyo gare ni a gabansu, abin da bai taɓa yi ba.

"Ke me kika gani?"

"Ni dai idon nake so, Malam," na ce.

Yaya ya ce ai shi ke nan, tunda 'yan boko sun yi magana. Ya sa takalminsa ya fita. Amma ranar da za a yi allurar, shi ya kawo motar da ta kai mu.

An kwantar da shi ta gefe, ya naɗe kamar jariri, aka ce in riƙe masa gwiwoyi kada ya motsa. Na zaci zan ga jini ko wani abu mai muni. Ruwa ne fari tas, kamar na famfo, ya haura cikin wani siririn bututu da sauri har likitan ya ɗaga gira. Bayan an gama aka ce ya kwanta a miƙe ba matashi. Can ya buɗe ido ya ce mini, "An kashe injin." Ya miƙe da ƙafarsa washegari, na tabbatar Yaya ya gani.

Sai dai ruwan yakan sake taruwa, aka maimaita allurar ba sau ɗaya ba. Ƙwayoyin suna sa yatsunsa tsikari har tafireta ta gagare shi, ofis suka ba shi hutu. Lemon kwalba ya koma masa ɗanɗanon ƙarfe. Vespa ta zauna a zaure da buhu a kanta. Duk wannan ya ɗauka ba gardama. Sujada ce ya ƙi bari.

Na ajiye masa kujera a gefen darduma, ya mai da ita wurin rataya hula. Na ce malamar Islamiyyarmu ta ce mara lafiya yana salla yadda ya iya. Ya ce ya sani tun kafin a haife ni, alhali shekarun da ya ba ni ba su da yawa. Ya ce kujera ta tsofaffi ce, shi da ƙafafunsa lafiya lau ba zai tsaya gaban Allah kamar mai jiran mota a tasha ba. Ba fatawa ce ta rage masa ba. Kunya yake ji, da kuma wani abu da ban san sunansa ba. Ina bayansa ina kallo: goshi ƙasa, ɗagowa, hannu yana lalube.

Na ga yadda likita take gwada ganinsa na gefe da biro, sai na fara yi masa a gida da ludayi. Da safe in ya gama karin kumallo, ya kalli hancina, ni kuma in kawo ludayin a hankali daga bayan kunnensa, ya faɗa in ya gani. Yakan tsokane ni da likitar koko. Wata safiya na kawo ludayin ta hagu, na kawo, na kawo, shiru. Ya kusa zuwa gaban fuskarsa kafin ya ce ya gani. Ya kalli inda hannuna ya tsaya. Ni ma na kalla. Na kwashe kwanuka na fita tsakar gida, na wanke su har sau biyu.

Da azahar na shigo na tarar ya cire hular daga kan kujera.

Haka ya yi ta salla a zaune, yana ɗan rusunar da kai. Masallaci ma ya koma, da 'yar kujerarsa a hannu, yana zama a ƙarshen sahu kusa da dattijon nan da ya yaba masa. Ni kuma na koyi tafiya ta hagunsa in mun fita, na koyi ajiye kofi da buta ta damansa. Barci nake, ci nake, ina zuwa suna da biki, amma ban tuna abin da aka yi a ko ɗaya ba.

Damina ta wuce, wata daminar ta kusa, muka koma ganin likitar ido kamar kullum. Ta haska fitilarta, dama, hagu, ta sake komawa dama. Ta kashe ta ajiye. Ta ce kumburin jijiyar ya sauka. Ɗan abin da ya rasa ta gefen hagu ya tafi, amma sauran zai zauna, muddin bai bar magani ba kuma yana zuwa ana dubawa. Sai ta dube ni, ba shi ba.

"Ki saki jakar nan haka, 'yata. Mijinki ba zai makance ba."

Na duba, ashe na murɗe hannun jakar har ya shiga fatata.

Malam ya yi gyaran murya ya tambaya ko zai iya sujada. Ta ce ya gwada a hankali, in ya ga duhu ya koma kujerarsa. Muna fitowa ana kiran azahar. Akwai tabarmi ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya a harabar asibitin, inda masu jinya suke salla. Ya yi alwala ya shiga sahu. Ni na tsaya nesa kaɗan, rungume da ledar magani, ban je wajen mata ba. Ya kai goshinsa ƙasa. Ya ɗago. Hannun ya sauka kan gwiwa ya zauna a nan.

Na jira sujada ta biyu, don in tabbatar.