Silikon Ɗin Banɗaki da Turaren Hajiya Memuna

Akwai wata Juma'a a farkon shekarun casa'in da har gobe ba ta bar raina ba. Duk sanda na ga ɗayanku ya ɗauki bututun silikon bai juya bayansa ya karanta ba, ita ke faɗo mini. Kun sha cewa tsohon nan ya cika masifa a kan abin da bai kai ya kawo ba. To ku zauna ku ji, amma ku sani ba labarin yabon kai ba ne.

Lokacin ina shekara ta shida a shagon wani Bature, Mista Dennis, a Tottenham, inda muke haɗa tankunan kifi na gilashi. Da shara da goge bakin gilashi na fara, har na kai matsayin wanda ake tura shi gidajen mutane shi kaɗai da jakar kayan aiki. A shagon nan babu matsayin da ya wuce wannan sai na mai shago. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Ga wanda bai san aikin ba, tankin ruwan gishiri da ake kiwon murjani mai rai a ciki yana da ƙaramin tanki a ƙarƙashinsa, ɓoye cikin kabad. Shi muke kira sump. Ruwa na gangarowa daga sama ya shiga cikinsa, ya bi ta na'urar da ke fitar da datti cikin kumfa, wadda muke kira skima, sannan famfo ya mayar da shi sama. A cikin sump ana liƙa allunan gilashi a tsaye su raba shi ɗaki-ɗaki, don kumfa ta mutu kafin ruwan ya koma. Da silikon ake liƙa su, kuma silikon iri biyu ne. Akwai na tankin kifi, wanda ba a gauraya shi da komai ba. Akwai na kicin da banɗaki, wanda aka zuba wa maganin fumfuna. Wannan magani guba ne ga murjani. Shi ya sa Mista Dennis ya kafa doka: in ka gama aiki, ka danƙa wa mai gida bututun da ka ƙarar a hannunsa, ya gani da idonsa.

Mai gidan da aka tura ni wurinsa shi ne Baba Issaka, dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda ya yi ritaya daga aikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, yana zaune a flat ɗin council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a Lewisham da matarsa Hajiya Memuna. Shekara tara yana kiwon tankinsa. Akwai wani murjani mai faɗi kamar faifai da ya raina tun yana kamar maɓallin riga, har ya raɗa masa suna Tsoho. Da ya zo shago neman a ƙara masa alluna uku a sump, Mista Dennis ya so ya je da kansa. Baba ya ce a'a, ɗansa Sabo yake so, wato ni. Dalilinsa kawai shi ne muna Hausa tare, kuma sahu ɗaya muke tsayawa a masallacin Whitechapel.

Sump ɗin ba ya fita daga kabad sai an ɗaga babban tankin, don haka a gidan za a yi aikin. Saura kwana tara Babbar Sallah. Ranar Alhamis na kwashe ruwan sump, na sa wa tankin sama ƙaramin famfo na wucin gadi, na bar gilashin ya bushe. Ranar Juma'a da safe na dawo da alluna uku da na yanka na goge bakinsu. Na liƙa na farko, na liƙa na biyu, ina kan na uku silikon ya ƙare. Rabin bututu na ɗauko ban duba ba, ni gwani.

Abin da ya kamata shi ne in buga wa Mista Dennis waya in ce na yi sakaci, in koma Tottenham in ɗauko wani. Amma hakan na nufin in rasa sallar Juma'a, kuma in ji abin da Baturen nan zai faɗa. Na ce wa Baba zan sha iska, na sauka zuwa wani shagon kayan gini a bakin kasuwa. Iri ɗaya suke da shi, kuma na karanta bayansa sarai: na kicin da banɗaki, mai hana fumfuna. Kada wani ya ce muku kuskure na yi. Na sani. Na gaya wa kaina allo ɗaya ne, ruwan kuma da yawa, me ɗan wannan zai yi?

Na liƙa allon. Na danƙa wa Baba bututun farko a hannu kamar yadda doka ta ce, bai ko duba ba, ya ce tsakaninsa da ɗansa babu bincike. Na biyun kuma na cusa shi can ƙasan kwandon shara na kicin, ƙarƙashin ɓawon albasa. Hajiya ta zuba mini wake da shinkafa da yajin shito, na cinye tas, muka tafi masallaci ni da Baba a tube ɗaya. Ranar Litinin na koma na gwada sump da ruwan famfo, babu yoyo, na haɗa komai. Kumfa ta ɗauke, ruwa ya yi garau, Baba na ta sa mini albarka.

Kwana uku bayan Sallah ya bugo waya shago. Da na isa na tarar jatan landensa biyu sun mutu, dodon koɗi sun zubo daga jikin gilashi, murjani duk sun tsuke. Na san abin da nake gani. Amma na fito da kwalaben gwaji na yi ta auna gishiri da sauran su, ina murtuke fuska kamar likita. Komai daidai, dama na san haka zai fito.

Ɗakin na ƙamshin turaren wuta. Hajiya ita ke haɗa nata da hannunta, yadda mahaifiyarta ta koya mata, kuma ranar Sallah tun safe har baƙi suka watse kaskonta bai huce ba. Baba ya shaƙi iska, ya dube ni, ya tambaya da Hausarsa ta zango:

"Ɗana, turaren da Hajiya ya kunna, shi zai iya kashe su?"

Ga ƙofa an buɗe mini, sai na shige. Na ce, "Yana yiwuwa, Baba." Ban ma tsaya nan ba. Na yi masa bayani cewa skima iskar ɗaki take zuƙa ta cusa cikin ruwa, don haka hayaƙi na iya bi ta nan. Hajiya na tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu. Ta juya ta koma ciki.

Tun ina gidan Baba ya ɗauke kaskon ya kai baranda. Bayan haka ya daina yi mata magana in ba dole ba. Mutanen da suka haura shekara talatin tare, suka bar ƙasarsu tare, sai ga shi abinci ma in ta ajiye sai ya huce kafin ya taɓa. Ni kuwa duk bayan kwana biyu ina zuwa da jarkokin ruwan gishiri ina canji, ina zuba gawayin tacewa, ina fatan gubar ta ƙare da kanta ba wanda ya sani. Baba kuma yana gaya wa mutane a masallaci cewa bai taɓa ganin yaro mai amana kamar Sabo ba. Wallahi duk sanda ya faɗa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ban buɗe baki ba. An daina turare, murjani bai daina mutuwa ba, har gefen Tsoho ya fara ruɓewa.

Rana ta goma sha biyu bayan kiran wayar nan na zo da hantsi, Baba ya fita sayen gishirin tanki. Ina durƙushe gaban kabad Hajiya ta ajiye mini tiren shayi. Kusa da kofin, ga bututun nan, an wanke shi fes.

Ta ce a shara ta tsince shi tun ranar Juma'ar, ta ajiye don ta ga da saura a ciki. Ta ce ita ba ta san aikinmu ba, amma irinsa ma'aikatan council suka liƙa musu a bakin baho, kuma suka ce yana kashe fumfuna. Da halittun suka fara mutuwa sai ta haɗa wannan da wancan. Da ƙyar na tambaye ta me ya hana ta nuna wa Baba tun ranar da na ɗora wa turarenta laifi.

Ta ce, "Ya kira ka ɗa a gaban mutane. In ni na nuna, zai ce kaina nake wankewa. Na ce bari in jira, yaron nan yana sallah, zai faɗa da bakinsa." Sannan ta ƙara da cewa, "Na gaji da jira, Sabo."

Babu zagi, babu ɗaga murya. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da Baba ya dawo na tare shi tun bai ajiye buhun gishirin ba. Na miƙa masa bututun, na faɗa masa komai: rabin bututun da ban duba ba, shagon bakin kasuwa, ɓawon albasa, da ƙaryar hayaƙi. Ya daɗe yana juya abin a hannunsa. Sannan ya ce:

"Murjani ya mutu, wannan zan iya haƙuri. Amma ka tsaya kana kallo ina zaluntar matana."

Ya fita baranda ya ɗauko kaskon, ya shiga kicin ya rufe ƙofa. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Na dai kwashe ruwan sump, na sa reza na fara kankare allo na uku, sai na ji ƙamshin turare na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. A cikin wannan ƙamshi na yi awa uku ina kankara, hawaye na ɗiga a gilashin da nake son ya bushe.

Sauran murjani kaɗan sun farfaɗo. Tsoho bai kai ƙarshen mako ba, ni na ciro shi da hannuna. Na gaya wa Mista Dennis da kaina, ya karɓe jakar kayan aikin ya mayar da ni goge bakin gilashi wata shida, kuma bai yi mini rashin adalci ba. Baba ya ci gaba da amsa gaisuwata a masallaci har ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma Sabo yake ce mini. Bai sake kirana ɗansa ba.

A wannan sana'a aikinmu a cikin kabad yake, a rufe, kuma silikon mai kyau da mai guba kamarsu ɗaya in sun bushe. Mai gida ba shi da abin dubawa sai maganarka. In ka yi ɓarna ka yi shiru, laifin ba ya ɓacewa, kan wani yake sauka, kuma yawanci kan wanda ya ba ka abinci ne a gidan. Saboda haka ku karanta bayan bututu, ku danƙa wa mai gida duk wanda kuka matsa, ba wanda kuka zaɓa ba. Ni dai yau shekara talatin ke nan, ko matata ce ta kunna turare ranar Sallah, sai na tashi na fita waje na ɗan tsaya.