Godiyar da Ta Tsare Aninin Hambali

Duk ɗan Najeriyar da ya taɓa kewar miyar gida a Kuala Lumpur ya san Hambali. Wani ɗan shago yake da shi a bayan masu sayar da yadi na Jalan Masjid India, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. A nan yake sayar wa ɗalibai kuka da daddawa da yaji, yana kuma ɗaure musu kayan da za su aika gida. Gajere ne kakkaura, ɗan Gwale a Kano, ya shekara goma sha ɗaya a Malesiya. Abin da aka fi saninsa da shi gaisuwa. In ka shiga shagonsa kana sauri, to ka ajiye saurin a bakin ƙofa, don sai ya tambayi gida, ya tambayi karatu, ya tambayi malaminka da bai taɓa gani ba. Matarsa Saudatu ta rantse ta taɓa jin ya yi wa injin sayar da tikitin jirgin ƙasa godiya.

Ranar da zai baro Kano, mahaifiyarsa Inna Hureira ta kwance bakin zaninta ta ba shi anini guda. Ɗan ƙaramin kwabo ne na zamanin Turawa, mai huji a tsakiya da tauraro da rubutun Larabci, ita ma a wurin kakarta ta gaje shi. Ta ce, “Auta, amana na ba ka. Kada ka raba shi da jikinka.” Ya zura masa zare ya saƙala a cikin jakar aljihunsa. Tun daga nan, duk Juma’a in ya kira ta, bayan an gama gaisawa sai ta ce, “Aninina fa?” Shi kuma ya ce, “Yana nan, Inna.”

Wanda ya ɗaga masa hankali a kan aninin nan abokinsa ne Nahum, mutumin Jos da ke koyarwa a wata kwaleji, mai son tara tsofaffin kuɗi kamar ransa. Suna shan shayi a wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, Hambali ya buɗe jaka, aninin ya leƙo. Nahum ya ajiye kofi, ya zaro gilashin ƙara girma daga aljihu, don shi ko coci zai je da abinsa yake tafiya. Bakinsa kuma ya riga ya kama “lah” ɗin da ’yan Malesiya ke ƙarasa magana da shi.

“Oga Hambali, ka san abin da kake yawo da shi kuwa? Wannan na farko-farko ne lah! Akwai kamfanin da ke tantance irinsu. Su duba, su ba shi maki, su rufe shi a roba da shaida. Mako shida kawai.”

Ba kwaɗayin sayarwa ne ya ja Hambali ba, wannan kam a yi masa adalci. So yake ya nuna wa tsohuwa takarda da hatimi, ya ce mata ga shi masana sun shaida abin da ta ba shi ba abin banza ba ne. Mako shida kuwa ai kamar gobe ne. Kafin ya kai shi, sai da ya jiƙa tsamiya ya dirje shi tas da toka, don a ganinsa ba a tura abu gaban manya da dauɗa. Ya miƙa shi a ofishin kamfanin a farkon watan Maris na 2020, ya karɓi rasit, ya gode wa har maigadi.

Bayan mako biyu annoba ta sa aka kulle ƙasar.

Shago ya rufu, ɗalibai suka maƙale a ɗakunansu, Hambali ya koma zaman gida a benensu na Cheras, daga shi sai Saudatu sai waya. Juma’a ta zo, Inna ta yi tambayarta. Ya ce, “Yana nan.” Ya lallashi kansa da cewa ai ba ƙarya ya yi ba, tunda aninin yana wani wuri a duniyar Allah. Amma da ya ajiye wayar abinci bai shiga ba. Ya yi shekara arba’in da biyar bai taɓa yi wa uwarsa ƙarya ba, sai ga shi ya fara saboda kwabon da ko gyaɗa ba zai saya ba.

Ya kira lambar kamfanin. Wata murya mai daɗi ta ce ya danna ɗaya, ya danna uku, ta sa masa kiɗa na minti arba’in, sannan layin ya yanke. Ya sake kira washegari, kiɗan dai ne, har Saudatu ta haddace shi tana rera shi a wurin wanke-wanke. Sai ya koma ga wasiƙar imel. Turancinsa na kasuwa ne, amma ladabin na gida: ya fara da sallama, ya tambayi lafiyarsu da ta iyalansu, ya yi musu jajen annoba, sai a layi na tara ya ambaci anini. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo: sun karɓi saƙonsa, yana da muhimmanci a wurinsu, ga lambar ƙorafinsa.

Hambali ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce wa Saudatu, “Kin ga mutanen kirki? Ko zama ba su yi ba suka amsa.” Nan take ya rubuta musu godiya. Wata amsar ta shigo, iri ɗaya sak. Ya sake godewa, a taƙaice, don kada ya cika su da surutu.

Saudatu ta ce, “Malam, anya mutum ne yake amsa maka? Ni fa kamar inji nake gani.”

“Ko inji ne, ai wani ne ya kunna shi. Ba a gaishe ni in yi shiru ba.”

Haka aka yi ta yi. Aka sassauta kulle, ya buɗe shago, aka sake kullewa, ya rufe. Ya taɓa hawa jirgi da takunkumi a fuska har ofishin, ya tarar da ƙofa a garƙame da takarda manne cewa ma’aikata daga gida suke aiki. Wata rana aka rubuto masa cewa kayansa yana ƙasar waje. Wata rana aka ce an rufe ƙorafinsa, ya zaɓi tauraro nawa zai ba su. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma da ya zo dannawa sai ya ba su huɗu, wai kada a kori wani daga aiki a wannan marra. Nahum kuwa kunya ta hana shi sakat, kullum sai ya yo tapau, wato ƙunshin shinkafa daga gidan abinci, ya aiko musu, ko ta rage masa nauyin abin da ya jawo.

Kowace Juma’a kuma Inna tana tambaya, yana amsawa. Tun yana jin nauyin kalmar har ya fara jin tsoron ranar. Wani lokaci sai ya kira ta daf da shiga masallaci don ya sami hujjar katsewa da wuri.

Ana cikin azumin shekara ta biyu, wata safiya, baƙuwar lamba ta kira shi. Mace ce, ta ce sunanta Puan Noraini, ma’aikaciyar kamfanin, daga gidanta a Wangsa Maju take magana. Yana jin kukan tukunya a bayanta.

“Encik Hambali, don Allah ka saurare ni. Kwabonka ya dawo tun watan Janairu. Mai kai saƙo ya tarar da shagonka a kulle, aka mayar da shi ma’aji. Abin da ya rage kawai wani babba ya sa hannu a canza adireshi. Amma ƙorafinka bai taɓa isa teburinsa ba.”

“Saboda me, baiwar Allah?”

“Saboda godiyarka lah. Injinmu duk saƙon da ya shigo, sabon ƙorafi yake ɗaukarsa, sai ya mayar da mai shi ƙarshen layi. Kana matsowa gaba sai ka gode, sai ka koma baya. Saƙonka ya haura ɗari biyu.”

Hambali ya nemi kujera ya zauna. Wata goma sha uku yana zargin annoba da jirage da Turawa, ashe tun Janairu shi ne yake tsare da aninin da hannunsa.

Ta ce ita ba ta da ikon tsallakar da kowa. Abin da take roƙo ya yi shiru kwana biyar, ko me ya shigo kada ya amsa. “Boleh?” Wato zai iya? Ya ce boleh. Har za ta ajiye sai ta ƙara da cewa, cikin dubban wasiƙun da ke zaginsu, tasa ce kaɗai ke tambayar ko iyalansu suna lafiya, kuma ta kan karanta su in aikin ya ishe ta.

Kwana biyar ɗin nan sun fi masa azumin wuya. A rana ta biyu saƙo ya shigo yana yi masa godiya bisa haƙurinsa. Yatsansa ya kama hanya da kansa, Saudatu ta fizge wayar ta jefa cikin garwar shinkafa ta zauna a kai. Ta ce, “Wallahi Malam in ka gode musu, ni da kai ne.”

Kwana tara bayan haka mai babur ya kawo ƙunshi. Ga anini a cikin roba mai kauri, a rufe ruf, da ’yar takarda a sama. Nahum ya karanta ta hoton da aka tura masa, ya dafe kai. Sun shaida na gaske ne, amma ba su ba shi maki ba, wai an goge shi. A wurin masu wannan harka, tsohon kwabo da tsatsarsa ake so.

Juma’a ta zo. Wannan karon Hambali ya sa ’yar yayarsa da ke gida Kano ta kunna wa Inna kiran bidiyo. Bai jira tambaya ba. Ya ɗaga robar, ya faɗa mata komai tun daga shagon shayi har garwar shinkafa. Ya ce, “Na ci amanarki, Inna, kuma na yi ta yi miki ƙarya. Ki yafe mini.”

Tsohuwa ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar. “Wa ya kulle shi a kwalba haka? Me suka rubuta?”

“Sun ce an goge shi, don haka ba shi da maki.”

“Au, da dauɗa suke so? To ka gaya musu shekara sittin ina dirje shi duk Sallah, kuma ban yi nadama ba.” Ta yi dariya har da tari. Sannan ta gyara zama. “Auta, tun Juma’ar farko na san ba ya hannunka.”

“Kin sani? Me ya sa ba ki ce komai ba?”

“Kai fa tun kana yaro ko ƙafarka ce ta karye, lafiya lau za ka ce. Gaisuwa ka iya, amma cikinka ba ka faɗa. Anini ko a zamaninmu goma ne kwabo, me zan yi da shi? Tambayarsa nake don in ji muryarka a kan abin da ba gaisuwa ba. Shekara guda ina jin ka cikin damuwa, ga ciwo yana ta ɗibar mutane, ni kuma ina nan ina roƙon Allah ya sa aninin ne kawai.”

Hambali ya ajiye robar. Hawaye ya zubo masa, bai ɓoye ba, karo na farko tun da ya girma da ya yi kuka a gabanta.

Ta ce, “To share fuskarka. Yanzu gaya mini gaskiya, yaya kuke ci, yaya kuke sha a garin nan?”

Ya ja kujera ya zauna sosai. Ya fara da ranar da aka zagaye layin shagonsa da waya mai ƙaya, da watannin da suka yi ba ciniki, da yadda ɗalibai suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Saudatu ta leƙo sau biyu don ta ce masa an kusa shan ruwa, ta ga bai ko kai rabi ba, sai ta ajiye masa dabino a gefe ta koma kicin.