Kawu Mai Jita da Babban Akwatinsa

Kawu, kamar yadda kowa ke kiransa a ƙungiyar kiɗan, gyaran fanka da dutsen guga yake yi a wani ɗan shago, ƙarshen mako kuma ya rataya jita. Tun yana saurayi ya mallaki akwatin lasifikarsa, baƙi ne, tsayinsa ya kai masa ƙugu, nauyinsa sai ƙarti sun kama. A kan dandamali gaba yake tsayawa, kusa da mawaƙiya, ya ja da baya har bayan ƙafarsa ya taɓa ragar akwatin, sannan ya soma kiɗa. Mutane sun ɗauka salo ne.

Ba salo ba ne. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama ma ya fara ja da baya. Abin da kunne ya kasa kawo masa, ƙafa ke kawowa. In ya taɓa tsirkiya, akwatin ya girgiza, sai ya san sautin ya fita. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da mawaƙiyar ta karɓi ragamar ƙungiyar daga hannun yayanta, sai ta ɗauko mai haɗa sauti, wani da suke kira Injiniya. Shi ya zo da 'yar na'urar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, wadda ke kwaikwayon muryar kowane irin akwati ta tura kai tsaye cikin lasifikokin zaure. Makaɗi kuma ya saurari kansa ta ɗan abin da ake cusawa a kunne.

"Kawu, ba raini ba ne," in ji mawaƙiyar. "Akwatin nan ya cinye rabin mota, kuma ƙararsa na shigar mini makirufo, ko kaina ba na ji. Ran Asabar da na'ura za mu yi. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini da wuri in nemi wani."

"Wa ya ce ba zan iya ba?"

Makon nan Kawu bai zauna wuri ɗaya ba. Ya kwance fanka ya bar ta a kwance, ya koma kan dutsen guga, ya tashi ya leƙa titi, ya dawo. A gida ya riƙa zagaya akwatin yana share ƙurar da babu ita.

"Baban yara, ko dai ka zauna ko ka fita," matarsa ta ce. "Jiri kake sa ni."

Ya aro na'urar ya kai shago da niyyar kama ta da laifi. Ya haɗa ta da rediyon da ya gyara, ya kafa kunnen dama a jiki. Muryar akwatinsa ce sak, har da 'yar dishewar nan da yake taƙama da ita. Wannan ya fi komai ɓata masa rai.

Ran gwaji da la'asar suka taru a ɗakin da ke bayan wani gareji. Injiniya ya cusa wa Kawu abin kunnen. Gajere mai ganga, abokin Kawu tun ƙuruciya, ya buga sanda alamar farawa, aka shiga. Kawu ya taɓa tsirkiya, bayan ƙafarsa shiru. A kunne kuwa wani siririn abu yake ji kamar kukan sauro. Bai yarda sautin ya fita ba, sai ya ƙara dannawa da ƙarfi, ya sake, kafin a kai amshi ya bar kowa a baya.

"Kai tsoho, mota za ka tara?" Gajere ya ce. "Jira mu mana."

Aka sake, aka maimaita. Injiniya ya ƙara masa ƙara har na kusa da shi suna jiyowa, bai canza komai ba. Kawu sai ja da baya yake yi, ƙafarsa na laluben abin da babu, har ya yi karo da bango. Mawaƙiyar ta ajiye makirufo ta ɗauki wayarta, ta fita ƙofa.

Gajere ya daɗe yana kallon ƙafar nan. Ya tashi ya zo ta hagunsa ya yi magana a hankali. Kawu bai juyo ba. Ya zagayo ta dama.

"Tun yaushe?"

Kawu ya yi kamar yana ɗaure tsirkiya.

"Cire takalmi. Ɗora ƙafarka kan katakon da babbar gangata take. Ka rage igiyar jitar ta hau maka haƙarƙari, ka ji ta a jikinka."

"A baya zan tsaya? Ni?"

"Ko a baya, ko a gida."

Da mawaƙiyar ta dawo, Gajere ya riga kowa magana. "'Yata, a ba ni Kawu kusa da ni. Tsufa ya kama ni, in ba na ganin hannunsa ɓacewa nake yi."

Ta dubi wannan ta dubi wancan, ta mai da wayar jaka. Aka shiga. Bugun gangar ya hau ta tafin ƙafar Kawu, jitar na rawa a ƙirjinsa. Bai kai na akwati ba, amma ya isa. Suka kai ƙarshen waƙar tare.

Ran Asabar daga can baya ya yi kiɗa, inda fitila ba ta kaiwa, ransa na sosuwa duk lokacin da ya hango gurbinsa a gaba. Da aka tsagaita, mawaƙiyar ta juyo tana murmushi ta faɗa masa wata magana. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga hannu alamar godiya.

Gajere ya sunkuyo ta damansa. "Ba yabonka ta yi ba. Cewa ta yi ka sa takalminka, hoto za a ɗauka."