Haruffan Robar Taya

A Funtua aka haifi Abike, a nan kuma ta gaji injin buga takardu na mahaifinta, cikin wani ɗan shago a bakin kasuwa. Katin biki take bugawa da na suna. Haruffanta na dalma ne, ɗaya bayan ɗaya take jera su, kuma duk na boko ne. Ba ta taɓa ganin wannan a matsayin rashi ba sai shekarar da damina ta yi gardama, rumbuna suka ƙare tun bazara.

A shekarar aka raba wa manoma irin masara da aka cuɗa da maganin ƙwari, ja jawur. Ita ta buga gargaɗin da aka liƙa wa buhunan.

Ranar kasuwa ƙawarta Ladidi, mai kawo nono daga Mahuta, ta zauna shan ruwa a shagon.

"Jar masarar nan in an wanke ai ta yi tuwo," in ji Ladidi.

"Guba ce fa. Ba ku ga takardar ba?"

"Wannan tafiyar tsutsar taku? Abike, maigidana Buba ajami kawai ya sani. Cewa ya yi wayo ne don kada mu ci."

"To ki gaya masa ni na ce."

"Bayarabiya ta ce? Sai ya ce so kike ki saye da araha." Ta yi dariya ta ɗauki ƙwaryarta.

Abike ta kasa taɓa abinci. Ta tambaya har Zariya, babu mai haruffan ajami na sayarwa. Sai ta roƙi limamin unguwa ya rubuta mata gargaɗin, ta samo robar taya da reza, ta shiga sassaƙa haruffan. Bugun farko ya fito a juye. Ta ɗauko madubi ta sake, yatsunta duk yanka.

Kasuwa ta zagayo, Ladidi ba ta zo ba.

Abike ta rufe shago ta shiga motar Mahuta, tawadar takardun ko bushewa ba ta yi ba. Tun daga ƙofar gida ta ga jan ruwa kwance a rariya. A tsakar gida ga masara shanye a tabarma, yara na korar kaji.

"An kai niƙa?"

"Sai ta bushe. Ke ko gaisuwa babu?" in ji Ladidi.

Buba ya karɓi takarda yana bin ta da yatsa, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Ladidi, kwashe ta. Yaran nan su wanke hannu da toka."

Abike ta zauna a kan turmi tana haki. Ta kan danga ta hango maƙwabciya na ɗauraye ƙwarya, ruwan ja. Ta miƙe, ta ɗauki sauran takardun.