Yadda maganin tari ya kwantar da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Satin da ya wuce na kai babban ɗana jami'a a Kafin Hausa, kuma tun da na dawo gabana ke faɗuwa. Shi ya sa zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa.

Ina aji biyu a jami'a aka ƙaddamar da shari'a. Giya ta ɓuya, maganin tari mai sa maye ya fito. Ni ban taɓa shan giya ba, don haka da abokin ɗakina ya miƙo min kwalba ya ce, "Magani ne fa, kowa na sha," sai na karɓa.

Kafin shekara ta ƙare, ba na iya shiga aji sai na sha.

Da malamai suka tafi yajin aiki na dawo gida Yalwawa, babu inda zan samu. Sai hamma da hawaye, gumi, gudawa, ƙasusuwana kamar ana sara. Barci ya ƙaurace min.

Inna, mahaifiyata, ta ce ciwon shawara ne, ta dafa min saiwoyi. Baffa, mahaifina, ya kira malami aka yi min ruƙiyya. Na san abin da ke damuna, amma tsoron bulala a bainar jama'a da kunyar Baffa suka rufe min baki.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin rijiya aka kai ni asibiti a Dutse. Ƙarin ruwa, gwajin maleriya, na taifot, har na ƙanjamau. Jiran sakamakon nan ya fi ciwon azaba. Duk suka fito babu komai.

Likitar, wata dattijuwa, ta sa kowa ya fita.

"Ɗana, me kake sha a makaranta?"

Na ce, "Za ku haɗa ni da hisba?"

"Nan asibiti ne. Faɗa min in san abin da zan ba ka."

Na faɗa mata komai.

Likitar ta kira Baffa ta faɗa masa. Na jira zagi. Sai ya ce, "Likita, yana warkewa?"

Bijiminsa na huɗa ya sayar aka kai ni asibitin ƙwaƙwalwa. Kullum ina fargabar a ce a unguwa na haukace. Na rasa shekarar karatu, na kuma sake komawa sha sau ɗaya kafin na rabu da shi gaba ɗaya.

Alhamdulillah. Allah ya ji ƙan Baffa, ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka wa likitar nan da alheri.

Ɗalibai, kada ku ɓoye wa likita komai, kuma kada ku yi fama da barin shaye-shaye ku kaɗai a ɗaki.

Iyaye, in yaro ya dawo hutu a rame, ba ya barci, ku ja shi gefe ku tambaye shi a hankali. Wataƙila ya fi ku tsorata.