Ludayin Goggo da Ruwan Bahar Maliya

Na ga abubuwa da dama a shekarun da na yi ina aikin rediyo, amma wanda ba zai taɓa fita daga raina ba a cikin gidanmu ya faru, shekarar da na kafa tankin kifin teku a ɗakina.

Gidanmu na gado ne, can cikin birni, inda lungu ba ya ɗaukar mota. A bakin titi aka sauke tankin gilashin, aka shigo da shi a kafaɗa, mutane na tambaya ko sabuwar talabijin ce. Na yi komai bisa ƙa'ida. Na tace ruwa, na auna gishiri na musamman da aka aiko mini daga Legas, na jera duwatsu, na haɗa famfo da na'urar tace ruwa, na rataya fitila mai shuɗin haske, na jona su duka da sola don kada ɗaukewar wuta ta ɓata mini aiki. Sai da ruwan ya yi makonni yana zagayawa shi kaɗai, sannan na saka kifaye biyu, 'yan ƙanana masu ruwan goro da farin ratsi.

Da farko lafiya lau. Daga baya ma'aunin gishiri ya fara nuna raguwa kullum, abin da ya saɓa wa hankali. A zafin Zariya ruwa ne ke bin iska, gishiri ya zauna, don haka kamata ya yi ruwan ya ragu, gishirin ya ƙaru. Ni kuwa ruwana yana nan cif a kan layi, gishirin ne ke gudu. Na zargi ma'aunin, na sake wani, shi ma ya faɗi abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Kifayen suka daina cin abinci, suka laɓe bayan dutse suna haki. Wanda ya sayar mini da su ya ce a waya in aka ci gaba a haka, in shirya yi musu ban kwana. Na tambayi mai ɗakina, ta ce ita ba ta san komai ba, amma tana kallon rufi ta faɗa.

Ran nan na dawo daga aiki da hantsi, ba lokacin dawowata ba, sai na tarar da takalman mata jere a ƙofar ɗakina. Ina shiga na ga Goggo, yayar mahaifina, wadda ta goye ni, tsaye a kan kujera 'yar tsugunno da ludayi a hannu. Tsofaffin unguwa na zaune a tabarma, kowace da gorarta.

Na durƙusa na ce, "Goggo, ina kwana. Me ake rabo?"

Ta ce, "Au, ka dawo? Jama'a, ga mai ruwan nan."

Sai addu'a ta ɓarke. Wata ta ce gwiwarta ta yi sauƙi, wata ta ce ita a ƙugu take shafawa.

"Wane ruwa, Goggo?"

"Na Bahar Maliya mana. Ba kai ka faɗa da bakinka ba?"

Nan na tuna. Ranar da ta tambaye ni dalilin zuba gishiri, na so in yi mata bayani da Hausa mai kyau, na ce kifayen ba sa rayuwa sai a ruwa irin na Bahar Maliya. Na ce, "Goggo, cewa na yi irin na Bahar Maliya. Irin."

"Irin, irin. Ku 'yan rediyo da tsawaita magana. Tekun da alhazai ke wucewa ta samansa a jirgi, ba mai iya ɗebowa, Allah ya kawo shi har gida, sai in zauna ina kallon mutane da ciwon gwiwa?"

"Gishirin buhu ne fa, ni na dama shi da hannuna."

"To Allah ya yi wa hannun albarka. Kuma ban cuce ka ba, ɗan nan. Duk ludayin da na ɗiba, sai na mayar da ludayi guda daga randa. Ni ba na cin amana."

Wata tsohuwa ta gyara mayafi ta ce ai shi ya sa aka shaida ruwan ba ya raguwa.

Na tsaya ina lissafi. A gidanmu ba a ɗaga wa Goggo murya, balle a gaban baƙi, kuma ba a taɓa jin an hana mutum ruwa a ƙofar nan ba. Ga kifayena kuma suna gab da tafiya. Sai na nuna mata su na ce, "Goggo, dubi bayin Allan nan. Ruwan randa ne ke kashe su. In suka mutu, kin san abin da ya rage a tankin nan ruwan randa ne zalla."

Ta sunkuya ta daɗe tana kallonsu. Sannan na gaya mata cewa dama kowane mako ina kwashe wani kaso na ruwan in zuba sabo, tsohon kuma a kwata nake zubar da shi.

"A kwata?" Ta dafe ƙirji ta yi salati, tsofaffin suka taya ta.

Muka ƙulla yarjejeniya a take. Ruwan da na kwashe duk ranar Juma'a nata ne, ta raba yadda ta ga dama, ludayi kuwa ba zai sake shiga tanki ba. Na ƙara da cewa kada kowa ya sha, kuma mai ciwo ya je asibiti.

Ta ce, "Wa zai sha wannan abu? Ai mun ɗanɗana."

Na riƙa mayar da gishirin kaɗan-kaɗan, kifayen suka fito daga bayan dutse suka ci gaba da harkarsu. Goggo kuwa ta zama mai gadi. Jikoki ba su isa su kusanci gilashin ba, ni kaina in zan sa hannu a ciki sai ta tambaye ni ko na wanke shi.

Abin da na koya shi ne, babban da ba ka da ikon hana shi abu, kada ka ɓata bakinka wajen gardama. Ka ba shi muƙami a kan abin, zai tsare maka shi fiye da kai.