Dankali Bakwai a Tabarmar Ciyayya

Lokacin da nake koyarwa a wani ƙauye gabas da Buza, matata ta tafi Madawa wankan jego. Ta bar ni da murhu, da tukwane uku, da muciyar da ban taɓa riƙewa ba sai don korar kaji.

A unguwarmu ciyayya ake yi. Bayan sallar magariba magidanta kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani dattijo da dukanmu muke kira Baba, kowa ya fito da kwanon gidansa, a haɗa a ci. Mu bakwai ne. Kwanuka kuwa, tun da ta tafi, shida.

Ba wanda ya yi ƙorafi. Sai dai na lura an fara turo tsokar nama gabana, ana ce mini "bismilla, Mushe" har sau biyu, irin karramawar da ake yi wa baƙo. (Mushe dai haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu.) Shekara guda na yi kafin a daina yi mini wannan ladabi, ga shi kwana goma sun mai da ni inda na faro. Ran na sha ɗaya maƙerin unguwa, wanda bakinsa ya fi wuƙaƙensa kaifi, ya dube ni ya ce, "Mushe, kwanonka ma wanka ya tahi?"

Aka yi dariya, na taya su. Washegari na gwada tuƙa tuwo. Abin da ya fito daga tukunyar na liƙe tsagar katanga da shi, kuma ban ji an ce ya ɓamɓare ba.

Ran kasuwa na sami mafita. Rani ne, masu garka, wato lambu, sun tone dankalin turawa, ya yi araha har mai albashin ƙarshen wata yana iya tayawa da murya sama. Albasa kuwa, a ƙasarmu gaisuwa mai kyau ma tana samo ta. Na ƙara da ƙuli-ƙuli, da ɗan man shanu, da cuku biyu daga hannun matan makiyaya. Hujjata ƙwaƙƙwara ce: tuƙi na mata ne, amma gashi ba a taɓa hana namiji ba.

Bayan la'asar na hura wuta, na bari ta mutu ta zama rushi, na binne manya guda bakwai a ciki. Turmi yana da ƙara, unguwa kuma tana da kunne, saboda haka da kwalba na murƙushe ƙulin da cukun, na haɗa da tonka, wato barkono, da gishiri. Da tsinke ya shige ba gardama sai na tone su, na kakkaɓe toka, na tsaga kowanne, na ɗura man shanu, na cika da garin, na tula yankakkiyar albasa a kai. Na jera su a faranti sahu-sahu. Gaskiya sun yi kyau.

Da na iso tabarma sai na ga takalman da ban sani ba. Surukan Baba ne su biyu daga Garhanga, sun ci kasuwa sun biyo su kwana. Mu tara.

Tuwo bai san ƙidaya ba. Ko mutum nawa suka zo, hannu ake ƙarawa. Ni kuwa na kawo abinci mai kai bakwai. Na tsaya da faranti ina raba bakwai gida tara a zuci, darasin da na sha bugun tebur a kansa, ban ga amsar da za ta fitar da ni kunya ba. In baƙi suka ci, biyu daga cikin waɗanda suka ciyar da ni kwana goma sha za su zauna suna kallo.

"Wa yad dahwa wanga?" in ji Baba.

"Gashi ne, Baba, ba dahuwa ba."

"Ji shi," in ji maƙeri. "Ba a kai shi gaban alƙali ba ya hwara kare kai."

Baba ya haska farantin da tocila, ya daɗe yana kallo. "Kun ga aikin lakwal," ya ce, yana nufin makarantar boko. "Kowa da tebur nai." Ya jawo akushinsa, ya wanke hannu, ya juye dankalin duka a ciki. Da tafin hannu ya danne su ɗaya bayan ɗaya, ya cakuɗa har man da albasa da ƙulin suka bi ko'ina, ya mulmula abin ya zama malmala guda. Sahun da na ɓata lokaci ina jerawa ya tafi, ban kuwa taɓa jin daɗin ganin an lalata mini aiki irin na ranar ba.

"To, bismilla."

Hannu tara suka shiga. Ban ji ɗanɗanon lomar farko ba, ina ta kallon fuskoki. Ɗaya daga cikin surukan ya tambaya ko har da ɓawon ake ci, Baba ya ce ai a nan daɗin yake, kamar ya shekara yana ci. Kafin a taɓa tuwon kowa an suɗe akushin.

Washegari na sake gasawa, na markaɗe abina tun daga gida. Ba wanda ya ce mini bismilla sau biyu. Da aka buɗe miyar gidan Baba, tsoka ɗaya ce a ciki. Ina miƙa hannu maƙeri ya riga ni, ya jefa ta baki, yana tauna yana cewa, "Mushe, gishirinka ya yi yawa yau."

Na ce gobe ya kawo nasa.